Fitilar Bakin Teku da Dajin Birnin Gwari: Wa Ya Cancanci a Nuna Masa Hanya?

Gabatarwa

Na san da ganin kan wannan maƙala wani zai yi dariya ya ce, "Ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa mutumin Randagi da teku?" Yana da gaskiya. Ruwan da muka sani a ƙasar Birnin Gwari bai wuce kogin Mariga da 'yan ƙoramun da kan cika da damina su ƙafe da rani ba. Amma ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri, domin kuwa akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ban kuwa sami madubin da zan dube ta da shi ba sai a bakin teku. Tambayar ita ce: shin wajibi ne mutum ya nuna wa baƙon da bai sani ba hanya, alhali yana yiwuwa baƙon nan mugu ne?

Kafin in shiga cikin zancen, ya kamata mu san cewa ba mu yi nisa da teku kamar yadda muke zato ba. A ƙarshen shekarar 1825 Baturen nan Kilafaton ya sauka a Badagiri, garin bakin teku da ke yamma da Ikko, ya kamo hanya ta ƙasar Yarbawa da Busa, ya ratso ta Birnin Gwari a 1826, ya wuce Zariya da Kano. Ba shi ya sare hanyar ba, sawun fatake ya biyo. Ashe tun da can akwai igiya tsakaninmu da bakin ruwa.

Mece ce hasumiyar fitila?

Hasumiyar fitila doguwar hasumiya ce da akan gina a bakin teku, ko a kan wani dutse cikin ruwa, a ɗora mata fitila mai ƙarfi a ka. Aikinta shi ne ta gaya wa matuƙin jirgi da dare inda ƙasa take da inda duwatsu suke. Kowace tana da irin ƙiftawarta, ta yadda matuƙi zai ƙirga ƙiftawar ya gane ko wane gari ne a gabansa. Larabawa suna kiranta manara, wato wurin haske.

Wadda ta fi kowace suna a tarihi ita ce ta Iskandariyya a ƙasar Masar. An gama ta wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta kuwa ya haura mita 100. Girgizar ƙasa ce ta yi ta cin ta. Ibn Baɗuɗa ya gan ta a 1326 wani ɓangare ya zube, da ya komo a 1349 sai ya tarar ko shiga ba ta shiguwa. A 1477 Sarki Ƙaitabai ya fara gina ganuwar tsaro a kan gurbinta, ita ce masu yawon buɗe ido ke ziyarta har yau. A nan Afirka ta Yamma akwai ta unguwar Jemstawun a Ankara, babban birnin Gana, inda 'yan'uwanmu mazauna zango suke da yawa. An fara kafa fitila a wurin a 1871, wadda ke tsaye yanzu kuwa mai ja da fari an gina ta ne a shekarun 1930. Akwai kuma ta Mamel a Dakar, wadda aka gina a kan tudu a 1864. Duk waɗannan wurare ne da suka cancanci ziyara, tun da tafiya mabuɗin ilimi ce, gani kuma ya kori ji.

To, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina ba tsawon ginin ba ne, mai tsaron fitilar ne. Ga mutum shi kaɗai a wuri mai nisa da jama'a, kullum magariba ya hau matakala, ya goge gilashi, ya zuba mai, ya kunna, ya kwana yana gadi. Waɗanda yake yi wa wannan wahala bai san sunansu ba, bai san addininsu ba, ba kuma za su taɓa tsayawa su ce masa sannu ba. Idan aikinsa ya yi kyau, ba abin da zai faru, jirgi zai wuce kurum. Sai ranar da ya yi barci za a san da shi.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce gare mu. Daji shi ne tekunmu, kuma dajin Kamuku kaɗai ya haura murabba'in kilomita 1,000. Iyayenmu sukan girke randa a ƙofar gida domin mai wucewa, ba sa tambayar ko ɗan wane ne kafin ya sha. Ayarin fatake yana da jagaba wanda ke gaba don ya san hanya. Manomi yakan ajiye fartanya ya raka baƙo har mararraba. Malamanmu sun karantar da mu cewa shiryar da wanda ya ɓace sadaka ce, kawar da ƙaya daga hanya ma sadaka ce. Shi ya sa Bahaushe ya saki jiki ya ce matambayi ba ya ɓata, saboda ya tabbata in ya yi tambaya za a amsa masa da gaskiya.

Inda gizo ke saƙar

Da a nan zancen ya tsaya, da ba a bukatar maƙala. Amma mu haye teku zuwa ƙasar Barazil. A bakin mashigar birnin Salbado na jihar Bahiya akwai fitilar da ake kira Barra, wadda aka kunna tun 1698, bayan wani babban jirgi ya farfashe a wurin a 1668. Wannan birni yana cikin manyan kasuwannin bayi na duniya, cikin waɗanda aka kai can kuwa har da Hausawa masu yawa, musamman a farkon ƙarni na 19. Su ne suka shirya tawaye a 1807, da su kuma a cikin boren Musulmi na 1835. Ke nan jiragen da suka ɗauko kakanninmu a ɗaure, hasken fitilar nan ne ya shigar da su tasha lafiya. Shin mai tsaronta alheri ya yi, ko kuwa da hannunsa a cikin zalunci?

Kada mai karatu ya ce wannan tsohon labari ne. Mu komo gida. A shekarun da ɓarayin daji suka addabi ƙasarmu, har hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar sojoji, ba kalmar da ta fi muni a bakin mutanen Randagi da Kakangi kamar "infoma". Wane ne infoma? Shi ma ai mai nuna hanya ne. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Saboda haka sai zukata suka rufe. Na ga dattijon da a da yakan bar aikinsa ya raka baƙo, an tambaye shi hanyar wani ƙauye da ya sani kamar tafin hannunsa, ya sunkuyar da kai ya ce shi ma baƙo ne. Ban zarge shi ba. Amma ranar na gane ɓarayi sun sace mana wani abu da ya fi shanu tsada.

Don haka akwai masu ra'ayin cewa idan mugu na amfana da haske, to a kashe hasken kowa ya huta. Wannan ra'ayi ba na wawaye ba ne, har ma an gwada shi. A ƙarshen watan Satumba na 2021 hukuma ta katse layukan wayar salula a wasu yankunan Jihar Kaduna, ciki har da Birnin Gwari, kamar yadda aka yi a Zamfara da sassan Katsina, domin a raba ɓarayi da masu kai musu rahoto. An yi kimanin wata biyu a haka. Niyyar mai kyau ce, an kuma ce ta takura ɓarayin. Sai dai duhun bai zaɓi wanda zai rufe ba. Ƙauyen da ya hangi ƙurar babura ya rasa yadda zai gargaɗi na gaba da shi, mai naƙuda ta rasa yadda za a kira mata mota, ɗan da ke birni ya kwana bai san ko iyayensa suna raye ba.

Bambancin fitila da infoma

A nawa ɗan guntun tunani, kuskurenmu shi ne mun haɗa abu biyu mabambanta mun ba su suna ɗaya, wato nuna hanya. Idan muka natsu za mu ga bambanci uku tsakaninsu.

Na farko, fitila haɗari take nunawa, infoma kuwa ganima yake nunawa. Abin da fitila ke cewa shi ne, "Ga dutse nan, kauce." Ba ta taɓa cewa, "Ga jirgi can ɗauke da dukiya, bi shi." Shi kuwa infoma cewa yake, "Wane ya sayar da masara jiya, ɗakinsa ne na biyu daga zaure."

Na biyu, fitila a sarari take magana, kuma magana ɗaya take yi wa kowa. Infoma raɗa yake yi, ga mutum ɗaya, a kan wani mutum. Duk maganar da ba za ka iya maimaita ta a gaban wanda ta shafa ba, to ba shiriya ba ce, cin amana ce.

Na uku, mu duba wanda zai fi cutuwa idan aka daina. Da mai tsaron fitilar Barra ya kashe ta don ya hana jirgin bayi shiga, wa zai fara nutsewa? Matuƙa suna sama, suna da ƙananan jiragen tsira. Waɗanda ke ƙasa cikin mari su ne ruwa zai fara ci. Mugu kullum yana da wata dabara: yana da bindiga, yana da kuɗi, ya san daji. Mai rauni ne ba shi da komai sai hasken da aka bar wa kowa. Amma idan infoma ya yi shiru, ba wanda ya yi hasara sai ɓarawo.

Wannan fahimta ta taɓa haɗa kan ƙasashen da ba sa ga-maciji da juna. A kusa da birnin Tanja na Maroko akwai tsinin ƙasa mai suna Sifartel, inda jirage suka sha halaka. An kunna fitila a wurin a 1864. A 1865 ƙasashe goma, ciki har da Ingila da Faransa da Amurka, suka sa hannu tare da Sarkin Maroko cewa za su riƙa haɗa kuɗin kula da ita, kuma ko da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu ba wanda zai taɓa ta. Sun yarda su kashe juna da igwa, amma sun ji kunyar su bar wa dutse aikin.

Iyakar wannan hujja

Duk da haka, ba zan ɓoye wa 'yan'uwana ɗalibai raunin maganata ba. Mai tsaron fitila yana da uzurin da mu ba kullum muke da shi ba, domin shi ba ya ganin abin da ke cikin jirgi. Idan mutane ɗauke da bindigogi suka tare ka suka tambayi hanyar ƙauyen maƙwabta, ka riga ka san abin da ke cikin jirgin. A nan nuna hanya ya tashi daga sadaka ya koma taimako a kan zalunci, wanda addini ya hana. Wanda kuma aka ɗora wa bindiga a ka aka tilasta shi, bai kamata mu da muke zaune cikin inuwar jami'a mu yi saurin yanke masa hukunci ɗaya da wanda ya karɓi kuɗi ba.

Har ila yau, kunna fitila bai sauke wa mutum sauran nauyin da ke kansa ba. Mai tsaron Barra bai yi laifi da ya kunna ba, amma idan ya sauko da safe ya ratsa kasuwar bayi zuciyarsa ko gezau, to a nan laifinsa yake. Cinikin bayi zuwa Barazil bai mutu don an kashe fitila ba. Dokar 1850 ce ta tsayar da shi, bautar kanta kuma aka soke ta a 1888, bayan gwagwarmayar bayin da masu goyon bayansu. Maganin mugun matafiyi shi ne a tare shi, ba a rufe wa dukkan matafiya ido ba.

Kammalawa

A ƙarshen shekarar 2024 an ƙulla sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Buɗe kasuwa aikin yini ɗaya ne, amma buɗe zuciyar da tsoro ya kulle sai a hankali. Ƙannenmu da suka tashi cikin wannan hali sun koyi cewa baƙo abin gudu ne, mu ne kuwa za mu gaya musu abin da ya kamata su riƙe. Ni dai abin da zan ce musu shi ne: hanyar gari ta kowa ce, sirrin gida na mai gida ne. Ku gaya wa baƙo inda gada ta karye da inda rijiya take, amma kada ku gaya masa abin da ke cikin rumbun maƙwabci. Idan kun ga alamar sharri a fili, ku kame bakinku, ku sanar da magabata. Idan ba ku gani ba, kada zato kurum ya sa ku ɗauke randa daga ƙofar gida.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Ankara ko Dakar ko Iskandariyya, ina ba shi shawara ya je ya ga waɗannan hasumiyoyi. Amma kada ya tsaya ga ɗaukar hoto. Ya tuna da mutumin da ya yi shekaru yana hawa matakala saboda waɗanda bai taɓa gani ba, sa'an nan ya tambayi kansa wace fitila ce aka damƙa masa a garinsu, kuma ko tana ci.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu zama masu shiryarwa ba masu ɓatarwa ba, amin.