Gidan da Ya Faɗi da Gidan da Ya Tsaya

Mutanen Kontagora sun san hadarin farkon damina. Yakan taso daga gabas da la'asar, gari ya yi duhu, kafin mata su kwashe shanya iska ta yaye rufin wani gida, na maƙwabcinsa kuwa ko ƙusa ba ta motsa ba. Gari na wayewa sai tambaya ta tashi cikin zukata, ko ba a furta ta ba: don me nasa ya faɗi, nawa ya tsaya?

A Mokwa, kudu da mu a kan hanyar Jebba, tambayan nan ta zo da nauyi ƙwarai. Daren 28 ga Mayu 2025 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da asuba ambaliya ta bi ta Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane suna barci. Fiye da mutum 150 suka rasu, dubbai suka rasa wurin kwana.

Akwai amsa mai daɗi ga wanda ya tsira, watau a ce alhaki ne ya kama wancan. Daɗinta kuwa shi ne, tana mai da tsayawar gidana shaidar kirkina. Ku duba Ayuba 1:18-19, gama iska ce ta rushe gida a kan 'ya'yansa. Abokansa uku suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, a ganina wannan shi ne mafificin abin da suka yi masa. Sa'ad da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masifar, sai suka ƙara masa ciwo, Ubangiji kuma ya tsauta musu (42:7). Haka Yesu ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi (Luka 13:4-5).

Amma fa, 'yan'uwa, an hana mu binciken zuciyar wanda ya sha wahala ne, ba a hana mu binciken magudana ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya cika kwalbati da shara? Wa ya sayar da fili a kan hanyar ruwa? Talaka yakan yi gini a kwari domin nan ne fili yake da araha. Wanda ya ce ƙaddara ce, ya naɗe hannu, ya bar wa damina mai zuwa aikinta ke nan.

Ranar fari kowa yakan zo jaje. Bayan mako uku ƙafa takan ɗauke, lokacin kuwa shi ne na shuka, mutumin da ruwa ya ci rumbunsa ba shi da iri. Ku tambayi juna yau: cikinku wa yake da ragowar irin dawa, wa kuma yake da ɗakin da ba ya yoyo?