Mayafin Shem da Yafet: Ko Ɗan Kallo Yana da Laifi?

Kafin a soma, bari shugaban taro ya sa a karanta Farawa, sura 9, daga aya ta 20 zuwa ta 23.

Ga tambayar da ke gabanmu. Idan aka tozarta mutum a bainar jama'a sabili da siffar jikinsa, ko ƙiba, ko rama, ko gajarta, mu kuwa muna tsaye muna gani, ba mu ce uffan ba, muna da laifi ko ba mu da shi? Da yawa za su amsa, "Ai ba daga bakinmu maganar ta fito ba." Bari mu auna wannan amsa mu ga ko za ta tsaya.

A ƙasar Amurka, cikin shekara ta 2008, gidan talabijin na ABC ya soma wani shiri mai suna What Would You Do?, watau "Me za ka yi?", wanda John Quiñones ya gabatar. Akan ɓoye kyamarori a gidan abinci, ko kanti, ko bakin hanya, a sa 'yan wasa su aikata mugun abu a gaban mutanen da ba su san wasa ne ba. Cikin abubuwan da aka shirya har da yi wa mace mai ƙiba ba'a a fili. Waɗansu sukan sunkuyar da kai su wuce, waɗansu kuwa sukan tsaya su tsawata. Daga baya mai gabatarwa yakan fito ya tambaye su dalilinsu.

Irin wannan shiri yana da amfani, gama yana sa mutum ya binciki zuciyarsa. Amma akwai tarko a ciki. Mai kallo yana zaune lafiya a ɗakinsa, ya san wasa ne, ba kuwa wanda zai juyo ya zage shi. Yana ta hukunta matsorata, yana ɗanɗana daɗin adalci, alhali bai biya ko anini ba. Idan ya kashe talabijin, sai ya ga kamar ya riga ya yi aikin kirki.

Akwai kuma shirye-shiryen da 'yan kallo da kansu su ne masu ba'ar. Cikin watan Afrilu na 2009 aka nuna wata mata 'yar ƙasar Sikotilan, Susan Boyle, mai shekara 47, a gasar Britain's Got Talent. Da ta ce tana so ta zama mawaƙiya, mutane suka dubi kamanninta suka yi ta yatsine fuska da dariya. Da ta buɗe baki ta rera, sai suka tashi tsaye suna tafi, duniya kuwa ta ce an koyi darasi. Amma wane darasi? Da a ce muryarta ba ta da daɗi, dariyar ta zama daidai ke nan? Mutuncin da sai an nuna bajinta kafin a ba da shi ya zama lada. Mutuncin ɗan Adam kuwa tun daga halitta ya ke, gama Farawa, sura 1, ta koya mana cikin kamanin Allah aka yi shi.

Wani zai ce kunya magani ce, tana sa mai ƙiba ya gyara. A shirin The Biggest Loser, wanda aka soma a Amurka cikin 2004, akan ɗora masu ƙiba a kan sikeli a gaban jama'a, wanda ya fi ragewa ya ci kyauta. Cikin 2016 masu bincike suka ba da rahoton mutum 14 da suka shiga gasar: bayan shekara 6, 13 daga cikinsu sun sake ƙara nauyi, jikinsu kuma ya rage saurin ƙona abinci. Duk tsayuwar da suka yi a gaban idon jama'a ba ta canza wannan ba.

Me ya sa mutanen kirki sukan yi shiru? Cikin 1968 waɗansu malamai biyu, John Darley da Bibb Latané, suka gwada ɗalibai. Kowane ɗalibi ya ji muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi. Waɗanda suka zaci su kaɗai ne suka ji, 85 cikin 100 suka nemi taimako nan da nan. Waɗanda suka zaci akwai wasu mutum 4 da su ke ji tare da su, 31 cikin 100 kaɗai suka motsa nan da nan. Kowa yana jiran wani. Duk da haka kada mu fid da zuciya. Cikin 2019 aka ba da rahoton hotunan faɗa 219 da kyamarorin titi suka ɗauka a Amsterdam, da Lancaster, da Cape Town. Cikin kowane 10, wajen 9 an sami wanda ya shiga tsakani. Sai dai faɗa kowa yana ganinsa faɗa ne. Ba'a kuwa takan sa rigar wasa, har mai son hanawa ya ji tsoro kada a ce ba ya jin raha.

Yanzu mu koma wurin Nuhu. Ya sha ruwan inabi ya bugu, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa. Ham ya gani, ya fita ya faɗa wa 'yan'uwansa. Ku lura, Ham yana bukatar masu saurare, gama ba'a ba ta rayuwa sai da taro. Shem da Yafet suka ƙi zama masa taro. Suka ɗauki mayafi a kafaɗunsu, suka tafi da baya da baya, fuskokinsu a juye, suka rufe mahaifinsu. Ba su tsaya tantance ko shi ya jawo wa kansa ba.

Abu uku mu ke koya daga gare su. Na fari, hana dariya aiki ne. Mai ba'a yakan dubi fuskokin jama'a domin ya karɓi ladansa. Wanda ya yi dariya ya biya shi, wanda ya yi shiru da murmushi ya ba shi izini. Saboda haka amsar nan, "Ba mu ne muka faɗa ba," ba ta tsaya ba.

Na biyu, manufar ita ce rufin asiri. Akwai mai shiga tsakani da ihu har ya tara ninkin mutanen da ke wurin da fari, wanda aka tozarta kuwa ya tsaya a tsakiya ana ta nuna shi. Gara a ce da mai ba'a a taƙaice, "Malam, wannan bai kamata ba," sa'an nan a matsa kusa da wanda aka muzanta, a gaishe shi, a zauna tare da shi ko a raka shi. Idan akwai hatsari, a kira wani da sunansa ya taimaka, domin kada kowa ya jira wani.

Na uku, sun juya fuskokinsu. A zamanin nan hoton wanda aka kunyata yakan iso cikin wayarmu. Wanda ya tura shi gaba ya yi aikin Ham, ko da ya rubuta a ƙasa cewa abin ya ɓata masa rai. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta wuyar komowa.

'Yan'uwa, ranar da za a gwada mu ba wanda zai fito daga ɓoye ya yaba mana. Wataƙila ma a yi mana dariya tare da shi. Bari mu ɗauki mayafin duk da haka.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Waɗanne sunaye ne mu kan laƙaba wa mutane cikin ikilisiyarmu sabili da jikinsu? Mun taɓa tambayarsu ko suna so?
2. Idan babba ne ya yi ba'ar, ƙaƙa ƙarami zai hana ba tare da rashin ladabi ba?
3. Yaushe tsawatawa a fili ta fi, yaushe kuma janye mutum gefe ya fi?