Da Wane Mudu Muke Auna Makarantunmu?



Duk sa'ad da watan Satumba ya ƙarato, magana ɗaya ce muke ji a bakin coci bayan Misa: wace firamare ce ta fi, ta hedkwatar ƙaramar hukuma ko ta ƙauyenmu, ta bakin titi ko ta hayin rafi? Tambaya ce da ta dace, gama yaro amana ce daga wurin Allah, kuma Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a 1965 cewa iyaye su ne malaman fari na 'ya'yansu. Sai dai mudun da ake yin awon da shi sau da yawa bai cika ba.

Ana duban fenti, da katanga, da sabon kwanon rufi. Ku tuna ranar da Sama'ila ya je gidan Yesse domin ya shafa wa sabon sarki mai. Tsawo da kyan babban ɗan ne suka fara ɗaukar idonsa, amma Ubangiji ya zaɓi Dawuda, ƙaramin da aka bari a wajen tumaki. Haka makaranta take. Akwai mai sabon gini wadda ɗan aji biyar ɗinta ba ya iya karanta sunan ƙauyensu, akwai kuma mai tsagaggen bango wadda ɗan aji uku yake karanta wa kakarsa wasiƙa.

A takarda dukansu ɗaya ne. Hukumar ilimi ɗaya ce take lura da su, manhaja ɗaya suke bi, kuma dokar UBE ta 2004 ta ba kowane yaro shekara tara na karatu kyauta kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. To, ina bambancin yake fitowa? Galibi daga malami ne. Makarantar gari takan cika da malamai har waɗansu su rasa ajin shiga, ta lungu kuwa a bar ta da biyu ko uku su riƙe aji shida. Wanda aka tura can yakan zauna a gari, ya riƙa zuwa a kan babur. In damina ta yi ƙarfi rafi ya kawo, shi ke nan, yara sun sami hutun da babu shi a kalanda.

Takardar shaida ma ba ta isa ma'auni ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, 21,780 daga cikinsu suka kasa samun maki 75 bisa 100. An sallame su, an ɗauki sababbi, an yi ta gardama a kan adalcin abin. Ko yaya mutum ya ɗauke shi, sallamar ba ta rage nisan hanya ba, ba ta kuma gina wa malamin ƙauye ɗakin kwana ba.

Saboda haka ku auna da kanku. Ku buɗe littafin rubutun yaro ku ga ko akwai jan biro a ciki, ku duba kwanan watan aikin ƙarshe. Ku miƙa masa littafin katikisim ya karanta layi biyar. Ku leƙa makarantar ranar kasuwa da misalin ƙarfe goma, ku ƙirga malaman da suke cikin aji. Wanda bai yi boko ba ma yana iya yin wannan na ƙarshe. Amma uban da yake janye ɗansa mako uku domin tonon citta, kada ya ɗora wa hedimasta laifin duka.

Akwai abin da ya fi damunmu. Mai hali, da ya gane makarantar ƙauye ta raunana, sai ya kai ɗansa gidan kawu a gari, ko makarantar kuɗi. Ba mu ce ya yi zunubi ba. Amma su wa aka bari a baya? 'Ya'yan gwauraye, da marayu, da 'ya'yan maƙwabtanmu Fulani, waɗanda iyayensu ba su da bakin magana a ofis. Da zarar masu murya sun kwashe nasu, ba mai sāke tambayar dalilin da ya sa aji huɗu ba shi da allo. Kakanninmu sun ɗebo laka da ciyawa a ka sun gina makarantun mishan kafin gwamnati ta karɓe su, ba su kuwa tambayi ɗan wa zai zauna a ciki ba.

Muna roƙon kowace majami'a ta zaɓi mutum biyu, namiji ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, su riƙa halartar taron iyaye da malamai na makarantar gwamnati da take kusa da su, ko da ba su da yaro a can. Inda malami ya rasa masauki, majalisar coci ta nemo masa ɗaki kafin a koma hutu. Katikis zai karɓi sunayen waɗanda aka zaɓa ranar Lahadi mai zuwa bayan Misa.