Maganar Allah ko Fuskarka?

Ya kai mai-karatu, ko a Birnin Kudu ka ke ko a Gwaram, ka san ba a gama jeren amarya sai an rataye madubi. Madubi ba abin ƙi ba ne. Amma akwai wani irin madubi a ƙasar Italiya wanda labarinsa ya isa wa'azi gare mu.

A zamanin dā a kan kafa alluna uku bisa bagadi cikin majami'un Katolika, ana ce da su kartagiloriya. Masassaƙi ya kan sassaƙa itace ya kewaye kowane allo da shi, ya shafe itacen da alli, kāna ya dalaye shi da zinariya wadda aka buga har ta fi ɓawon albasa sirara. A allon tsakiya akwai addu'o'in Jibin Ubangiji da harshen Latin. A na ɗaya gefen akwai farkon Bisharar Yohanna. A na ɗayan kuwa akwai ayoyi daga Zabura 26, waɗanda firist ya ke karantawa sa'anda ya ke wanke hannuwansa. Ba domin kanta aka sa zinariyan nan ba, sai domin a girmama rubutun da ke ciki.

Bayan babban taron shugabannin ikkilisiyarsu a Roma, daga 1962 zuwa 1965, aka sāke tsarin sujada, sabon littafinta ya fito a 1970. Daga nan galibin majami'u ba su ƙara bukatar allunan ba. Dillalan tsofaffin kaya suka saya da yawa, suka cire rubutun, suka sa madubi a gurbinsa, suka sayar wa mawadata domin ƙawar ɗaki. Itacen yana nan, zinariyar tana nan. Amma wanda ya duba wurin da sunan Allah ya ke a dā, fuskar kansa za ya gani.

Ba baƙon abu ba ne gare ka. Ka san allon zayyana da a ke yi wa yaro ran saukar karatu. A Kasuwar Kurmi ta Kano matafiya su kan saya su rataye a bango, ba su iya karanta ko harafi ɗaya a ciki.

Ba mu rubuta wannan domin mu tsauta wa dillali ba, gama itace ba shi da rai, ba za a yi masa shari'a ba. Domin kai muka rubuta. Sa'anda ka ba da gaskiya ga Yesu Kristi, abubuwa da dama sun kewaye ranka: baftisma, da zuwa sujada ran Lahadi, da waƙoƙi, watakila har da sabon suna da iya karatu. Dukansu nagari ne, amma zinariyar gefe ce. Me ke tsakiya?

Da yawa sun fara da kyau, kāna a hankali suka cire Maganar suka sa kansu. Wani yana addu'a da murya mai-daɗi domin a ce ya iya. Wani ya koyi karatu, sai ya rena mahaifinsa da bai koya ba. Wani yana gaba cikin masu-waƙa ran Lahadi, amma a kasuwar Sara mudunsa biyu ne, na saye dabam, na sayarwa dabam. Danginsa suna lura da shi, suna so su ga ko wane ne wannan Almasihu da ya ce yana bi. Suka duba, ba su ga kowa ba sai mutumin da suka sani tun dā, ya ƙara girmankai kaɗai. Ta haka a kan rufe wa mai-nema ƙofa, alhakinsa kuwa ba ƙarami ba ne.

Littafi Mai-tsarki ya nuna mana akasin wannan. A Fitowa sura 38 an ba da labarin mata masu-hidima a ƙofar alfarwa ta taruwa, waɗanda suka ba da madubansu na tagulla, aka yi daro da su inda firistoci za su wanke hannu da ƙafa kafin su kusanci bagadi. A Italiya kayan sujada ya zama madubi. A jeji madubi ya zama kayan sujada. Cikin biyun nan, wanne ne ranka ya bi?

Yaƙub kuma, a sura ta fari ta wasiƙarsa, ya kwatanta mai-jin Magana wanda ba ya aikatawa da mutumin da ya dubi fuskarsa a madubi, ya juya, nan da nan ya manta kamanninsa. Ashe Maganar Allah ita ce madubin da ba ya yi wa kowa daɗin baki.

Saboda haka, ɗan'uwa, kowace safiya tun ba ka fita gona ba, ka karanta Maganar, ko ka roƙi wani ya karanta maka. Abin da ta nuna maka, ka gyara shi a ranan nan. Idan da bashi a kanka, ka biya. Idan ka yi wa iyayenka tsiwa, ka je ka durƙusa ka nemi gafara. Mudunka ya zama ɗaya. Alherin da ka yi wa maƙwabcinka, ko addininku ɗaya ko dabam, kada ka yi shelarsa.

In kuwa ka iske ka riga ka cire Maganar, kada ka fid da zuciya. Ubangiji ba ya yar da wanda ya tuba. Ka faɗa masa laifinka a fili, ka roƙi Ruhu Mai-tsarki ya mayar da Kristi tsakiyar zuciyarka, domin wanda ya dube ka ya gan shi, ya girmama Allah. Amin.