Wanda Ya Yi Gudu Domin Wani

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa jin sunan Ben Jipcho? Mutumin Kenya ne, mai tseren ƙafa.

A shekara ta 1968 aka yi wasannin Olamfik a birnin Meziko. A tseren mita 1,500 kowa ya zuba ido a kan Jim Ryun, mutumin Amurka, gama ba wanda ya taɓa kai saurinsa a wannan nisa. Amma Meziko a kan tudu take, iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, ƴan Kenya kuwa a tudu suka girma. Sai suka shirya dabara. Da aka tashi, Jipcho ya fita gaba kamar wanda kura ta biyo, ya cinye mita 400 na fari cikin daƙiƙa 56, yana jan ɗan ƙasarsu Kipchoge Keino, domin a tsere wa Ryun tun da wuri. Ƙarfinsa ya ƙare, ya zo na goma. Keino ya ɗauki zinariya, Ryun azurfa.

To, me za mu kira wannan? Da fari na ce ba da kai ne, irin na wan da ya bar lakwal a Gazawa ya riƙe hauya domin ƙanensa ya yi karatu a Maradi. Amma daga baya Jipcho ya roƙi Ryun gafara. Alƙalan wasa ba su kama shi da laifi ba, zuciyarsa ce ta ƙi kwanciya.

Wan nan na Gazawa shi kaɗai ya ɗauki hasara. A gudun Jipcho kuwa akwai mutum na uku. Kai ma ka san irinsa. Rikicin gona ya tashi, ka bar aikinka, ka biya kuɗin mota har Agye, ka tsaya wa ɗan baffanka gaban sarki. Dangi duka suna yabon zumuncinka. Alhali ka san da dare aka matsar da gambar iyaka, kuma hatsin ƴaƴan maƙwabci ne ya ragu. Wahalarka gaskiya ce, ba na musu. Ta wanke shaidarka a gaban Allah?

Ban ce laifin Jipcho ya kai wannan ba, a wasa dabara halal ce. Duk da haka ya roƙi gafara. Maƙwabcin naka kuwa, gonarsa tana jikin taku.