Haƙƙin Jiki Da Amanar Lokaci: Nasiha Ga Masu Zuwa Gidan Motsa Jiki

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya ba mu jiki aro, Ya ba mu lokaci amana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan uwa mazauna Whalley Range da sauran unguwannin Mancesta da Birmingham: a gida, noma da tafiyar ƙasa da surfe da ɗiban ruwa suna motsa jikin mutum ko bai yi niyya ba. A nan Ingila kuwa zama ya yi mana yawa, wani a tasi, wani a ofis, wani a aikin dare. Hukumar lafiya ta NHS tana gargaɗin cewa 'yan asalin Afirka suna cikin waɗanda ciwon sukari ya fi yi wa barazana. Saboda haka neman ƙarfin jiki ba holewa ba ce. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira fifikon mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, kuma Manzon Allah (SAW) ya tunatar da Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Sai dai haƙƙi ba ya cinye haƙƙi. A Disamba, rana tana faɗuwa a Mancesta kafin ƙarfe 4 na yamma. Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin ƙasa da awa 4. Wanda ya shiga gidan motsa jiki da ƙarfe 1 ya share awa 2, zai fito ya tarar lokacin Azahar ya fita, La'asar kuma tana gab da kuɓucewa. Wace riba ce a damtsen da aka gina da sallar da aka tozarta? Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne biyu da mutane da yawa suke tafka hasara a cikinsu, ga shi kuwa a wannan wuri duka biyun suna hannunka.

Abin da jiki yake nema kaɗan ne. Shawarar manyan jami'an lafiya na Birtaniya ta 2019 ita ce minti 150 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 na mai tsanani, tare da ƙarfafa tsoka a kwana 2. Mako yana da minti 10,080; ke nan abin da ake nema bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ba ɗaga ƙarfe ke cin lokaci ba. Waya ce, da hira, da tsayuwa gaban madubi.

Ga abin da zai taimaka. Na farko, sallah ce turke: duba jadawalin masallaci kafin ka zaɓi sa'arka. Da hunturu, bayan Isha'i dare yana da faɗi. A Yuni, da rana take kaiwa bayan ƙarfe 9 da rabi, tsakanin La'asar da Magariba ya wadatar. Na biyu, rubuta abin da za ka yi tun daga gida, ka yanka wa kanka minti 40. Na uku, zaɓi motsin da yake haɗa gaɓoɓi da yawa: tsuguno da nauyi, ɗaga shi daga ƙasa, tura shi daga ƙirji, da jawo shi zuwa jiki. Na huɗu, gwama biyu-biyu: ƙirji yana hutawa, baya yana aiki. Na biyar, bar waya a jaka. Gajeren zama kuma yana sauƙaƙa runtse ido da kiyaye al'aura. 'Yan uwa mata su tambayi lokutan da aka keɓe musu.

Wanda ba shi da kuɗin rajista, Alexandra Park tana nan tun 1870, ba a biyan ko kwabo. Tafiya da sauri zuwa British Muslim Heritage Centre a College Road don sallar jam'i ta haɗa lada da lafiya a taku guda.

Uwar Muminai A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa, ko da kaɗan ne. Da yayyafi kogi kan cika. Ka gyara niyya: ƙarfin da kake nema, na tsayuwar dare ne, da ciyar da iyali, da ɗawafi ranar da Allah Ya kira ka.

Allah Ya sanya albarka a lafiyarmu da lokutanmu, Ya sa su zama hujja gare mu ranar hisabi. Amin.