Shiru Gaban Zalunci: Abin da Malaman Yahudawa Suka Koyar

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, shi mai gemun fa, wa zai kashe masa wutar? Wanda ya ga ana zalunci ya ja bakinsa, yana da alhaki ko ba shi da shi?

Malaman Yahudawa sun daɗe da amsa wannan. A cikin Attaura, Littafin Firistoci sura 19 ya hana mutum tsayawa kallo sa'ad da ran maƙwabcinsa yake cikin hatsari, ya kuma umarce shi ya tsawata wa mai laifi. Talmud, babban littafin malamansu, ya faɗaɗa maganar: wanda yake da ikon hana ɓarna a gidansa bai hana ba, za a kama shi da laifin gidan. Haka ma garinsa, haka ma duniya. Nauyin yana bin gwargwadon inda muryar mutum take kaiwa.

Sun kafa hujja da annabawa. Ibrahim ya roƙi Allah saboda Saduma, daga adalai 50 har ya sauko zuwa 10. Natan ya shiga fada ya gaya wa Sarki Dawuda laifinsa a kan Uriya. A zamaninmu kuwa, Malam Abraham Joshua Heschel ya jera da Martin Luther King a tattakin Selma na Amurka a 1965, domin 'yancin zaɓen baƙar fata.

Mutanen zangon Nima da Maamobi a Ankara sun san zafin shirun maƙwabta. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako 2 su bar Ghana. Mutane da yawa suka sayar da kayansu da arha suka tafi, har da waɗanda aka haifa a ƙasar. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa 'yan Ghana irin wannan a Nijeriya. Wanda ya yi shiru jiya, shi aka kora yau.

Sun kuma ga amfanin buɗe baki. A zamanin tsarin biya kafin magani, akan tsare majiyyaci a asibiti har sai ya biya. Matasan unguwannin da lauyoyin Legal Resources Centre suka yi ta kuka a kan haka, tare da wasu da yawa a ƙasar. A 2003 Ghana ta yi dokar inshorar lafiya.

Wani zai ce, in ba za a ji ni ba fa? Malaman sun yi saɓani. Wasu suka ce maganar da ba za ta karɓu ba, barinta ya fi. Amma Malam Zeira ya gaya wa abokinsa ya tsawata wa manyan al'umma ko da ba za su saurara ba, gama mutum bai san zuciyar da za ta juya ba. Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a 1204, ya ƙara da ladabin yin haka: a keɓe, da taushin murya, domin amfanin mai laifin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka, mai karatu, auna inda muryarka take kaiwa. In gidanka ne, fara da yarinyar aikin da ake hana wa abinci. In masallaci ne ko coci ko fadar sarkin zango, nauyinka ya ƙaru. Ba za a tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka ba, amma za a tambaye ka abin da ka iya faɗa ka ƙi.